BABI NA UKU: YADDA SINADARAN HOMON KE SARRAFA AIKIN INZAYIM A HULAR ƘODA

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an kawo bayanin ƙasar Yauri da sana'o'in mutanenta, musamman su da noman albasa da shinkafa a gaɓar Tafkin Kainji, tun daga Shanga zuwa Yelwa har Wara ta ƙasar Ngaski. A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin bayyana yadda wata 'yar ƙaramar gaɓa ta jikin ɗan'adam take gudanar da aikinta, da kuma yadda wasu magunguna da ake saye barkatai suke gurgunta ta. Za a fara da bayyana ma'anar muhimman kalmomi. Daga nan sai a dubi tsarin gaɓar, da hanyoyin da homon ke bi ya hanzarta aikin inzayim ko ya rage shi. A ƙarshe za a kawo abin da ke faruwa idan tsarin ya sami tangarɗa.

3.1 Ma'anar Homon da Inzayim

Homon wani sinadari ne da wata gaɓa ke haɗawa ta zuba shi cikin jini, jinin ya ɗauke shi zuwa wata gaɓa ta daban, ya isar da umarni a can. Wato dai homon manzo ne. Ba kowace ƙwayar halitta ce ke jin saƙonsa ba, sai wadda take da makarɓin da ya dace da shi, kamar yadda kowane kwaɗo yake da mabuɗinsa.

Shi kuwa inzayim furotin ne da ke hanzarta juyar da wani sinadari zuwa wani, ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Galibi kowane inzayim aiki ɗaya ya iya. Idan ana son a juyar da sinadari na farko zuwa na biyar, to sai an jera inzayim da dama, kowane ya yi nasa ya miƙa wa na gaba, kamar yadda kifi ke fitowa daga hannun masunci zuwa mai gyara, zuwa mai banda, zuwa ɗan kasuwa. Saurin aikin duka yana rataye ne a kan matakin da ya fi kowane nawa. Wannan matakin ne homon ya fi kamawa idan yana son ya sarrafa aikin.

3.2 Tsarin Hular Ƙoda

Gaɓar da likitoci ke kira adirinal ita ce aka kira hular ƙoda a wannan nazari, saboda yadda take zaune a saman ƙoda kamar hula a kan mutum. Guda biyu ce, ɗaya dama ɗaya hagu, kuma nauyin kowace bai wuce giram 4 zuwa 5 ba a jikin baligi. Tana lulluɓe da kitse, shi ya sa ko a jikin rago ba kowa ke lura da ita ba.

Duk da ƙanƙantarta, rayuwa ba ta yiwuwa sai da ita. A shekarar 1855 wani likitan Ingila mai suna Thomas Addison ya bayyana halin marasa lafiya 11 da wannan gaɓa ta lalace musu, suka rame, fatarsu ta yi duhu, ƙarfinsu ya ƙare. A 1856 kuma Brown-Séquard ya cire ta daga jikin dabbobi a Faransa, ya ga ba su daɗe ba suka mutu.

Hular ƙoda ta kasu kashi biyu: ɓawo da ɓargo. Shi ɓawon hawa uku ne. Hawan waje yana haɗa aldosteron, mai kula da gishiri da ruwan jiki. Hawan tsakiya, wanda ya fi kauri, yana haɗa kotisol, mai kula da sukarin jini da juriyar wahala. Hawan ciki yana haɗa wasu sinadarai masu kama da homon na maza. Duk ukun daga abu ɗaya ake ƙera su, wato kolestarol. Ɓargon kuwa asalinsa ɗaya da jijiyoyin laka, kuma shi ke haɗa adirinalin, wanda wani masani ɗan Japan, Jokichi Takamine, ya tace a 1901.

Abin lura a nan shi ne, ɓawon ba shi da rumbun ajiya. Ba ya tara kotisol ya ajiye don gobe, sai an nema yake haɗa shi nan take. Ke nan yawan abin da zai fitar ya dogara kacokan a kan saurin aikin inzayim ɗinsa.

3.3 Jerin Umarni Daga Ƙwaƙwalwa

Umarnin haɗa kotisol yana bin tsari irin na sarauta, daga sarki zuwa hakimi zuwa dagaci. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani sashe mai suna haifotalamus. Idan mutum ya shiga yunwa, ko zazzaɓi, ko rauni, ko tsoro, wannan sashe yana fitar da homon da ake kira CRH, wanda Wylie Vale da abokan aikinsa suka gano tsarinsa a 1981. CRH yana sauka kan gaɓar fituwitari, ita kuma ta saki ACTH cikin jini. ACTH shi ne ke isa hawan tsakiya na hular ƙoda.

Haka kuma rahoto yana komawa sama. Da zarar kotisol ya yawaita a jini, sai ya koma ga haifotalamus da fituwitari ya sa su rage umarni. Idan ya yi ƙaranci sai su ƙara. Bugu da ƙari, tsarin yana bin agogon jiki: kotisol yana fara hawa kafin asuba, ya kai ƙololuwa da sassafe, ya yi ta sauka har ya kai ƙasa wajen tsakar dare.

3.3.1 Hanyar Gaggawa

ACTH ba ya shiga cikin ƙwayar halitta. Yana tsayawa ne a kan makarɓinsa da ke jikin fatar ƙwayar. Wannan haɗuwa tana tayar da wani inzayim mai suna adenilil saikilas, shi kuma ya haɗa wani ɗan ƙaramin sinadari, cAMP, wanda ake yi wa laƙabi da manzo na biyu. Earl Sutherland na Amurka ne ya gano wannan manzo, kuma a kansa ya sami lambar Nobel a 1971. Shi cAMP yana tayar da inzayim kinas A, wanda aikinsa shi ne liƙa fosfet a jikin wasu furotin. Liƙa fosfet ɗin yana sauya siffar furotin, kamar an kunna makunnin fitila.

Abu biyu ke biyo baya. Na farko, ana kwance kolestarol daga ɗigon kitsen da yake ajiye a cikin ƙwayar. Na biyu, ana tayar da furotin mai suna StAR, wanda aka gano a 1994. Dalilin muhimmancinsa shi ne, inzayim na farko a jerin, wato CYP11A1 mai yanke wutsiyar kolestarol, yana zaune ne a can cikin maitokondiriya, murhun ƙwaya, kuma kolestarol ba ya iya ƙetarawa ya same shi da kansa. StAR ne ke yi masa fito. Da ya ƙetare sai a yanke wutsiyarsa ya zama furegnenolon. Daga nan wasu inzayim huɗu su karɓa bi da bi, daga cikinsu akwai 17-haidirokzilas da 21-haidirokzilas, na ƙarshe kuma shi ne 11-beta-haidirokzilas wanda ke kammala kotisol. Duk wannan yana faruwa cikin 'yan mintoci.

3.3.2 Hanyar Dogon Zango

Idan buƙata ta ɗore, alal misali a doguwar jinya, ACTH ba ya tsayawa a kan hanzarta inzayim da ke akwai. Saƙonsa yana kaiwa cibiyar ƙwaya inda ƙwayoyin gado suke, ya sa a ƙara ƙera sababbin inzayim. Wannan yana ɗaukar sa'o'i ko kwanaki. A ƙarshe ƙwayoyin suna girma, ɓawon ya ƙara kauri.

Za a iya kwatanta hanyoyin biyu da madatsar ruwa ta Kainji da aka kammala a 1968. An tsara ta da gurbin injin 12, amma 8 aka kafa. Idan ana buƙatar ƙarin wuta yanzu-yanzu, ƙofar ruwa ake ƙara buɗewa ga injinan da ke nan. Idan kuwa ana son ƙari mai ɗorewa, sai an kafa sabon inji. Buɗe ƙofa shi ne aikin StAR, kafa inji kuwa shi ne ƙera sabon inzayim. Akasin haka ma yana faruwa. Idan ACTH ya daɗe bai zo ba, sai a daina ƙera inzayim, ɓawon ya motse. Wannan batu za a sake komawa kansa a sashe na 3.6.

3.4 Hawan Waje da Lissafin Gishiri

Hawan waje ba shi da 17-haidirokzilas, don haka ba ya iya haɗa kotisol. Amma yana da wani inzayim da sauran ba su da shi, wato aldosteron sintas. Haka kuma ba ACTH ne babban mai ba shi umarni ba.

A ɗauki misalin manomin albasa da ya wuni yana ban ruwa a bakin tafki cikin watan Afirilu, lokacin da zafi kan kai awo 40, ga shi kuma yana azumi. Gumi yana fitar masa da ruwa da gishiri, jini ya ragu. Ƙoda ce ke fara jin raguwar, sai ta saki inzayim mai suna renin. Renin yana yanka wani furotin da hanta ke zubawa a jini, ya zama anjiyotensin na I. Wani inzayim, ACE, wanda ya fi yawa a jijiyoyin huhu, ya sake yanka shi ya zama anjiyotensin na II. Wannan shi ne homon da ke sauka kan hawan waje. Manzonsa na biyu ba cAMP ba ne, kalsiyam ne. Yawaitar kalsiyam a cikin ƙwayar yana tayar da StAR, kuma yana sa a ƙara ƙera aldosteron sintas. Aldosteron da aka haɗa ya koma ga ƙoda ya sa ta riƙe sodiyam, ruwa ya bi shi, ta kuma zubar da fotasiyam. Har gumin ma yana rage gishirinsa idan jiki ya saba da zafi. Idan fotasiyam ya yawaita a jini, shi kaɗai ma yana iya tayar da hawan waje ba tare da renin ba.

Wannan tsari ne ke riƙe mai amai da gudawa na ɗan lokaci. Sai dai ba ya ƙirƙirar gishiri, wanda ke akwai yake tattalawa, saboda haka ruwan gishiri da sukari ya zama dole. Haka nan idan tsarin ya wuce kima yana jawo hawan jini, kamar yadda Jerome Conn ya bayyana a 1955. Wasu magungunan hawan jini da ake rubutawa a asibitocinmu, irin su lisinofiril, aikinsu shi ne toshe inzayim ACE.

3.5 Yadda Ɓawo Ke Sarrafa Ɓargo

Masunci da ke cikin kwalekwale ya ga dorina ta ɓullo kusa da shi ba ya jiran umarnin da zai bi jini. Jijiyar laka ce ke kai saƙo kai tsaye zuwa ɓargo, cikin daƙiƙa kaɗan a saki adirinalin da ke ajiye. Zuciya ta ƙara bugu, hanyoyin numfashi su buɗe, hanta ta zubo sukari, damtse ya sami ƙarfin tuƙi.

Adirinalin ana ƙera shi ne daga tairosin a matakai huɗu. Matakin farko, na inzayim tairosin haidirokzilas, shi ya fi nawa. Idan rumbu ya cika, abin da aka haɗa yana komawa ya danne wannan inzayim. Idan aka kwashe, kuma saƙon jijiya ya sa aka liƙa masa fosfet, sai ya ci gaba da aiki. Matakin ƙarshe kuwa na inzayim PNMT ne, wanda ke juyar da noradirinalin zuwa adirinalin.

A nan ne ake ganin hikimar zaman ɓargo a cikin ɓawo. Jinin da ya ratsa ɓawo yana gangarawa ciki ya wanke ɓargo, ɗauke da kotisol mai yawan da ya ninka na sauran jiki. A 1965 Richard Wurtman da Julius Axelrod sun cire fituwitari daga jikin ɓeraye. Da ACTH ya yanke, kotisol irin na ɓera ya yi ƙasa, sai aikin PNMT a ɓargo ya faɗi ƙwarai. Da suka yi wa ɓerayen allurar ACTH, ko deksametazon mai yawa, sai ya farfaɗo. Wannan ya tabbatar da cewa homon na ɓawo ne ke riƙe da inzayim na ɓargo. Shi ya sa kimanin kashi 80 cikin 100 na abin da ɓargon mutum ke fitarwa adirinalin ne, alhali wasu jijiyoyin jiki, waɗanda ba su samun wannan wanka, noradirinalin suke fitarwa.

Kifayen tafki irin su tarwaɗa da giwan ruwa ba su da hular ƙoda mai zaman kanta. Ƙwayoyin biyu suna warwatse ne a cikin gaban ƙodarsu. Kuma ba su haɗa aldosteron, kotisol ne ke yi musu aikin sukari da na gishiri gaba ɗaya.

3.6 Idan Tsarin Ya Sami Tangarɗa

3.6.1 Shan Maganin Ƙiba da Shafa Man Bilicin

Tun bayan da Kendall da Reichstein da Hench suka sami lambar Nobel a 1950 a kan homon na ɓawo, aka shiga ƙera magunguna masu kama da kotisol. Furednisolon ya ninka kotisol ƙarfi sau 4, deksametazon kuwa kusan sau 25. Magunguna ne masu amfani a hannun likita, ana ba mai asma da mai kumburin gaɓoɓi, kuma a 2020 gwajin da aka yi a Birtaniya ya nuna deksametazon yana rage mutuwar masu korona da ke buƙatar iskar numfashi.

Matsalar ita ce yadda ake samun su a kyamis da hannun masu tallar magani ba tare da takardar likita ba. Ƙwayoyin da aka fi sani da sha-ka-fashe, waɗanda wasu mata ke sha don neman ƙiba, deksametazon na cikinsu. Leburori da manoma kan sha haɗin ƙwayoyi na ciwon jiki da ake cusa shi a ciki. Mayukan bilicin da yawa suna ɗauke da kulobetasol ko betametazon, waɗanda ke ratsa fata su shiga jini idan ana shafa su a jiki duka. A 2023 hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa.

Ƙwaƙwalwa ba ta bambance kotisol na jiki da na kwalba. Da ta ga ya yawaita sai ta janye CRH da ACTH. StAR ya kwanta, a daina ƙera inzayim, hawan tsakiya ya motse. Likitoci suna ɗaukar cewa wanda ya wuce mako 3 yana shan irin wannan magani da yawa ya shiga wannan haɗari. Ƙibar da ake gani kuwa ba ta lafiya ba ce. Fuska ta kumbura, kitse ya taru a ciki da ƙeya, cinya da damtse su sirance, fata ta yi ta tsagewa, ga ciwon sukari da hawan jini da raunin ƙashi. Hausawa sun ce garin neman ƙiba an samo rama.

Babban haɗarin yana zuwa ne ranar da aka daina sha kwatsam, ko kuɗi ya yanke, ko zazzaɓin cizon sauro ko naƙuda ta zo. Jiki yana neman kotisol, na waje babu, na ciki kuma injin ya tsaya. Sai amai, da ciwon ciki, da faɗuwar bugun jini da sukari, da suma, har mutuwa. Maganin gaggawa shi ne allurar haidirokotizon miligiram 100 da ƙarin ruwa, amma sai likita ya san an sha maganin, ga shi kuma mutane da yawa kunya kan hana su faɗa. Dawowar inzayim tana iya ɗaukar watanni, wani lokaci har shekara. Saboda haka ba a yanke maganin lokaci ɗaya, rage shi ake yi sannu a hankali bisa kulawar likita.

3.6.2 Rashin Inzayim na Gado

Akwai jariran da ake haifa ba su da 21-haidirokzilas mai aiki. A duniya ana samun mai tsananin wannan cuta a kimanin haihuwa 1 cikin 15,000. Sai an gaji ƙwayar daga uwa da uba duka, don haka auren zumunci yana ƙara yiwuwarta. Da yake ba a haɗa kotisol, ACTH yana ta hauhawa, gaɓar ta kumbura. Kayan aikin da suka taru a bayan matakin da ya toshe sai su karkata zuwa hanyar homon na maza. 'Ya mace kan zo da al'aura mai rikitarwa, abin da ake kira mata-maza, alhali mahaifarta da ƙwanta lafiya suke. Ɗa namiji kuwa ba a ganin komai a jikinsa. Kimanin uku cikin huɗu na waɗannan jarirai ba su haɗa aldosteron ma, sai a mako na biyu ko na uku, wato jim kaɗan bayan suna, jariri ya ƙi nono, ya yi ta amai, ya bushe. Ba aikin iska ba ne, ba kuma laifin uwa ba. Tun 1950 Lawson Wilkins ya nuna cewa ba da kotizon yana kwantar da ACTH. Wanda aka gaggauta kai shi babban asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, yana iya girma lafiya bisa magani.

3.6.3 Tarin Fuka

Shida daga cikin marasa lafiyar Addison tarin fuka ne ya cinye musu hular ƙoda, kuma har yau yana cikin manyan dalilan lalacewarta a Afirka. A nan umarni yana zuwa, amma ma'aikatan sun mutu. ACTH yana yawaita, kuma shi ke sa tafin hannu da dasashi su yi duhu. Daɗin daɗawa, rifamfisin da ake maganin tarin fuka da shi yana ƙara inzayim na hanta masu rushe kotisol, don haka mai raunin hular ƙoda yana iya galabaita a makonnin farko na shan magani. Wannan ba dalilin barin maganin ba ne, dalili ne na komawa asibiti da wuri.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa homon yana sarrafa inzayim na hular ƙoda ta hanya uku: liƙa masa fosfet don ya tashi nan take, kai masa kayan aiki ta hannun StAR, da ƙara yawansa ta hanyar ƙwayoyin gado. An ga ACTH ne ke riƙe da hawan tsakiya, anjiyotensin na II da fotasiyam suna riƙe da hawan waje, kotisol kuma yana riƙe da PNMT na ɓargo. An kuma nuna cewa rahoton da ke komawa ƙwaƙwalwa, wanda shi ne ke daidaita tsarin, shi ne kuma ke kwantar da gaɓar idan aka cika jini da magani daga waje. A babi na huɗu za a dubi kalmomin da mutanen Yelwa da ƙauyukan gaɓar tafki ke amfani da su wajen kiran waɗannan alamomi da magunguna, da yadda ma'aikacin lafiya zai yi amfani da su wajen yi wa majinyaci tambaya.